Usur Ɗin Kwanar Mangwaro

Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahama, ya yalwata maka makwanci. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, babu jirgin da yake kai saƙo inda kake. Ko kana nan ma da wuya ka karanta, don ka sha cewa rubutuna kamar kaza ta bi ta kan toka. To na ajin yaƙi da jahilci ne, shi nake da shi. Na yago takarda a littafin jikarka na zauna a baranda. Ka yi shiru ka saurare ni. Yanzu dai ba za ka ce min ana jiranka a loko, wajen injinan jirgin ƙasa, ba.

Ina Maleshiya, a Kuala Lumpur, unguwar da ake ce wa Cheras, gidan ɗanka na fari. Ka san wanda nake nufi, ba sai na kama suna ba. Yana koyarwa a jami'a, Dakta ake ce masa, har furfura ta fito masa a gemu. Aikin ido ya kawo ni, an cire yanar da ta rufe min na dama. Yanzu har ƙurar da Hauwa matarsa take bari a bayan talabijin ina gani. Gidan can sama yake, sai an shiga lifta. Ruwa kusan kullum, la'asar ba ta yi sai sama ta tsage. Abincinsu kwakwa a komai. Hauwa tana zuwa kasuwar Chow Kit ta samo kuɓewa da naman sa, tana ƙoƙari, amma tun da daddawar da na zo da ita ta ƙare miya ta koma ruwa. Jikokinka biyu ne a nan, Abba mai sunanka da Dija. In na yi musu Hausa su mayar min da Turanci, ko su ce boleh, wato to a yaren garin, ko su ce in taso makan, wato cin abinci. Ƙarshen watan nan zan koma gida.

Labarin gida ba mai daɗi ba ne, amma ga shi. Kwatas ɗinmu na reluwe a Zariya rufin ya zube, wasu ne a ciki ban san su ba. Layin dogon da ke bayan kicin ciyawa ta cinye shi, mata suna shanya barkono a kai. Mangwaron kwanar dogo an sare shi an yi katako. Ibro fayamanka, mai zuba maka kwal a inji, ya rasu bara, ya makance kafin nan. Ƙanwarka Goggo Dije kuwa ka riga ka sani, tana can wajenku. In kun haɗu ka gaishe ta, amma ka bari sai ka gama jin wannan tukuna.

A falon ɗanka akwai hotonka babba, kana tsaye a jikin inji da hular nan taka mai maiƙo. A ƙarƙashinsa akwai kabad na gilashi, a ciki fitilarka ta hannu ce, mai jan gilashi da kore. Tun daga Zariya ya ɗauko ta a cikin kayansa, yana goge ta da kansa, ko Hauwa ba ta taɓawa. Duk baƙon da ya shigo sai an kai shi gabanta an ce wannan ta Baba ce. Na duba bangon nan kaf da sabon idona. Akwai kai, akwai Goggo Dije ranar da ta dawo daga Makka, akwai surukai. Ni ina cikin waya, in ji Hauwa. Namiji an sa masa sunanka. Mace an sa mata sunan Dije. Ni me aka sa wa sunana? Ko akuya.

Kishi nake yi, Malam. Na faɗa. Tsohuwa da ni, haƙora sun zube, ina kishi da matattu biyu da kuma ƙarfe.

Ƙarfen shi ne na farko, tun kafin a haifi yaron. Ka tuna yadda kake kwashe min tsamiya da toka ka tafi ka goge usur ɗin injin nan har ya riƙa ƙyalli? Ni in nemi tsamiyar kunu in rasa. Ka ce kowane inji da muryarsa, wai ko kana barci ka san wanne ne ya shigo. Ni fa? Sau nawa na kira ka daga kicin ka ce ba ka ji ba? In gilashin fitilar goshi ya yi baƙi da hayaƙi, da hannun rigarka kake gogewa, ni in wanke. Da aka daina jirgin kwal aka kawo na dizal, aka ba ka mai hon, ka ce kukansa kamar jaki mai mura, ka yi wata da watanni kana ɗaure fuska, tuwo ma ba ka cinyewa. Da mahaifina ya rasu ba ka rame haka ba. Ban taɓa faɗa maka ba, a lokacin mace ba ta faɗa. Yanzu na faɗa.

Amma wannan tsohon ciwo ne, ya warke ya bar tabo. Sabon shi ne na ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Ɗanka ya ce mu shirya zai kai mu gidan tarihi, akwai abin da yake so in gani tun da ido ya buɗe. Muka hau jirginsu da suke ce wa MRT. Bari in ba ka labarin da zai ɓata maka rai. Jirgin nan ba shi da direba. Wallahi. Na je har gaba na leƙa, taga ce kawai, yara ne a tsaye a wurin suna kallo. Ba fayaman, ba kwal, ba mai jan igiyar usur. In zai rufe ƙofa sai wata 'yar fitila ta yi ta ƙyaftawa, wani abu ya yi ta tsuwa kamar ɗan tsako. Aikin da ka ƙare rayuwarka kana taƙama da shi ke nan, yanzu ba kowa ke yinsa ba, kuma ba ya latti. Na ji daɗi kaɗan, ba zan ɓoye ba.

A harabar gidan tarihin sai ga shi an ajiye, baƙin inji irin naku na kwal, an shafe shi da fenti, an kafe shi a kan guntun dogo da ba ya zuwa ko'ina. Fitilar goshin tana nan a mace. Ɗanka da ya gan shi sai ya koma yaro. Mutum mai furfura yana zagaye ƙarfe yana shafawa. Ya nuna wa yara inda usur yake a can sama, ya ce tururi ne yake busa shi, direba igiya kawai yake ja. Ya nuna musu fitilar, ya ce daga nesa da magariba kamar wata ya sauko yana tafe a ƙasa. Ya ce a bayan jirgi kuma ja ake ratayawa, don na baya ya san akwai wani a gabansa. Duk maganarka ce, har da yadda kake karkata kai. Sannan ya haɗa hannu a baki ya busa naka. Dogo ɗaya, gajeru biyu, da ɗan ƙaramin nan na ƙarshe kamar tari. Har mai gadin wurin ya waiwayo yana dariya. Ni kuwa sai na ji ƙafata ta motsa da kanta, kamar zan tashi da gudu.

Sai ya fara ba su labari. Wai Babansa ya ƙirƙiro wannan busa musamman dominsa, don ya san yana tafe. Wai da an ji ta daga kwanar mangwaro sai Goggo Dije ta sure shi ta baya ta ɗaga shi sama, ya ga fitila ta rage haske ta ƙaro, Baba yana masa ƙyafce. Wai har yau in ya rufe ido yana jin hannunta a ƙirjinsa, da ƙamshin hayaƙin itace da albasa a jikinta.

Hayaƙin itace da albasa! Dije! Kai shaida ne, Malam, tun da aurenta ya mutu ta dawo gidanmu, ta taɓa hura wuta? Dije turare take yi da garin taba. Ga jiki, ga ciwon gwiwa. Daga tabarma zuwa randa sai ta huta a hanya.

Tun da ka mutu ka bar ni da gaskiyar, bari in tuna maka yadda aka yi, ko ƙasa ta sa ka manta.

Ɗan fari ne. Ka san abin da ake bukata ga uwa a kansa. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, ba na masa wasa. In ya faɗi ya fasa baki sai in kau da kai, wata ta ɗauke shi. Nono ma a ɗaki nake ba shi, ina kallon bango in wani ya shigo. Da aka yaye shi aka miƙa wa Dije, a ɗakinta yake kwana, a kwanonta yake ci abin da ni na dafa. Ita yake ce wa Goggo da bakin da ake ce wa uwa. Ni Yaya yake ce min, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Matan kwatas suna yabona, wai yarinyar nan akwai kunya. Kai ma ka yaba. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Kwatas ɗin nan ba shinge. Dogo yana nan bayan kicin, awaki nawa jirgi ya taka a wurin? Wata rana da hantsi ina daka, na ɗaga kai ban gan shi ba, Dije ta yi gyangyaɗi. Na leƙa baya, ga shi zaune a tsakiyar dogo yana tara duwatsu a cinya, ga ƙarfen ya fara rawa. Jirgin kaya ne, ba naka ba, kuma a lokacin direbobi sai sun zo mararraba suke busawa, mararrabar kuwa ta wuce gidanmu. Ban san sadda na yar da taɓarya ba. Na fizge shi muka gangara cikin ƙaya. Tabon yana nan a gwiwar hannuna.

Da ka dawo na tsaya a gabanka. Iyakar abin da na taɓa nema a wurinka da bakina ke nan a duk zamanmu. Na ce ka riƙa busawa tun daga kwanar mangwaro, don in samu lokacin kama yaro. Ka ce to. Ka faɗa wa sauran direbobi su ma suka riƙa yi. Naka ne ka ƙara masa ɗan tarin nan a ƙarshe don in san kai ne. Busar gargaɗi ce, Malam. Ni aka yi wa ita. Cewa take yi ke, ajiye abin hannunki, ki kama ɗanki.

Ni kuwa ina kamawa. Abin da ban taɓa faɗa maka ba shi ne, jiran busar nan nake yi fiye da yadda nake jiran ka. Uwar da ta ruga ta janye ɗanta daga dogo ba wanda zai ce ba ta da kunya. Ko Dije ba ta da bakin magana, tun da ba za ta iya gudun ba. To sai in sure shi ta baya, in manna bayansa a ƙirjina, in ɗaga shi yana kallon jirgi. Daga kan inji har zuwa jar fitilar baya, yaron nan nawa ne. Ina jin bugun zuciyarsa a tafin hannuna. Ina shaƙar ƙeyarsa. Nakan roƙi Allah ya sa jirgin ya zama mai tarago da yawa. Da jar fitila ta wuce sai in dire shi a gaban tabarmar Dije, in koma turmi kafin ya waiwayo. In ya waiwayo wa zai gani? Dije, tana washe baki tana cewa ya ga Baba?

Haka muka yi har ya yi wayo ya san dogo da kansa. Daga nan ban sake taɓa shi ba. Ko da ya tafi makarantar kwana, ko ranar aurensa, ko ranar da aka ɗauke ka. Ranar nan a kafaɗar Dije ya yi kuka, ina zaune a gefe da carbi.

Ita kuma fitilar da kake ragewa ka ƙaro in ka shigo da magariba, wa kake yi wa? Shi ko ni? Mu biyu ne a tsaye a wuri ɗaya. Shekara da shekaru muna kwana ɗaki ɗaya ban tambaye ka ba, kai ma ba ka faɗa ba. Me zai rage ka in ka ce ke nake yi wa? Ka iya yi wa ƙarfe magana, na sha jin ka kana lallashin inji in ya ƙi hawa tudu. Kuma me ya hana ka, sau ɗaya, ka zaunar da yaron nan ka ce masa uwarka ce take ɗaga ka? Daga saman inji kana ganin komai, fitilarka a fuskata take sauka. Ka bar shi yana ba da labarin a gabanka ba daidai ba, kana murmushi, don a labarin kai ne babba. Ka sami usur, ka sami fitila, Dije ta sami hannu. Ni na sami yabon matan kwatas, su ma duk sun mutu.

To a gaban injin nan, da ya gama, sai ya juyo da waya yana ɗauka, ya ce Hajiya, haka yake ce min yanzu, ta faɗa wa yara ko ba haka aka yi ba, tun da ni kaɗai na rage da na gani da ido. Ka ji fa. Ni kaɗai na rage. In na ce haka ne, shi ke nan, an binne ni da raina, jikoki su ba jikokinsu labarin a haka. In na ce ba haka ba ne, na buɗe baki a gaban surukata da yara na ce ɗan fari nawa ne, na rungume shi, na shaƙi ƙeyarsa. Bakina bai san hanyar wannan magana ba. Na ce rana tana dukan idon da aka yi wa aiki, a kai ni inuwa. Hauwa ta ce a tsaya a yi tapau, wato a sayi abinci a ƙunshe, a tafi gida. Ya mayar da wayar aljihu.

Tashar da za mu hau jirgin komawa a ƙarƙashin ƙasa take. Tsakanin mutane da dogo akwai bangon gilashi tun daga ƙasa har sama, ko ɓera ba zai faɗa ba. Na gani, na sani. Ɗanka ya je ya kafa goshi a gilashin yana leƙen rami, wai yana so ya ga fitilar jirgi tun daga nesa. Sai ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafata. Haske ya taso daga cikin ramin. Abin nan ya fara tsuwa.

Malam, ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Sai ganina na yi na cafke shi ta baya, hannu biyu a ƙirji, na fizgo shi. Ƙato da shi, har ya yi taga-taga. Yara suka fashe da dariya, Dija da guntuwar Hausarta tana cewa akwai gilashi fa, akwai gilashi. Wasu 'yan mata masu ɗankwali suka rufe baki. Ni kuma hannun ya ƙi saki. Zuciyarsa tana bugawa a wurin da na san ta.

Ya waiwayo. Wannan karon babu turmin da zan koma, babu tabarmar da zan dire shi. Ni ya gani.

Ya daɗe yana kallon hannuna, har da tabon ƙayar. Ƙofa ta buɗe mutane suna ratsa mu. Can ya ce, a hankali, ba da ni yake ba ma, wai ai Goggo ba ta iya gudu. Ya sake faɗa. Na ce masa jirgin nan ba shi da direban da zai jira mu, ya wuce mu shiga.

A ciki an tashi an ba ni kujera. Shi bai nemi wuri ba, ya tsaya a kaina har Cheras. Da za mu sauka na miƙa hannu zan kama ƙarfe, sai ya riga ni, ya ɗora hannuna a damtsensa. Ban janye ba. Haka muka bi ta gaban kedai, wato shagon ƙasan gidan, muka shiga lifta, Hauwa tana kallon silin kamar an rubuta mata wani abu a can. Bai sake ɗauko waya ba. Jiya da na fito alwalar asuba na same shi a kicin yana yanka albasa da kansa, mutumin da ko shayi ba ya haɗawa, idonsa jajur. Ya ce albasar garin nan yaji gare ta. Na ce ya matsa, ba haka ake riƙe wuƙa ba.

Saboda haka ga yadda za mu raba, kuma ba shawararka nake nema ba. Hoton bango ka riƙe. Fitilar kabad taka ce, usur naka ne, ƙyafcen ma na bar maka, ko wa kake yi wa. Dije ta riƙe sunan yarinya, ta yi masa wahala ita ma, ba zan ci haƙƙinta ba, ka faɗa mata na yafe gyangyaɗin. Amma hannun nawa ne. Ka gaya mata na karɓi abina.

Ba na gaggawar zuwa, kada ka sa rai. In lokacin ya yi dai, in ana barin ku, ka busa tun daga kwana don in ajiye abin hannuna. Allah ya jiƙanka, ya jiƙan Dije da Ibro, ya kyautata namu zuwan.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa faɗa da baki ba, ban taɓa rubutawa ba. Tun da ba mai karantawa, bari in gwada ko alƙalamin zai karye.

Ni ce matarka,
uwar Aminu.